Lambar nan mai alƙaluma miliyan 41, wai ta yaya aka san ba ta rabuwa?

Baban Sadiq: Salamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah malaman lissafi na zauren nan ku taimaka min, yarona ne ya zo min da wata magana wai akwai wata lamba firam da aka gano a 2024, wato irin lambar nan da ba abin da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta, kamar 7 ko 13, amma wai ita wannan tsawonta ya haura alƙaluma miliyan 41. Ni abin da ya ɗaure min kai shi ne wa ya zauna ya gwada raba ta da kowace lamba har ya tabbatar ba ta rabuwa? Ko dai cewa kawai suka yi tunda sun san ba mai iya bin diddigi?

Malam Lissafi: Wa alaikumus salam Baban Sadiq. Yaron ya yi gaskiya. Lambar ita ce 2^136,279,841 − 1, ma'ana ka jera 2 guda 136,279,841 ka ninka su da juna, abin da ya fito ka cire 1. Alƙalumanta 41,024,320 ne cif. Wani Ba'amurke mai suna Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA, shi ya gano ta a watan Oktoban 2024 ƙarƙashin shirin GIMPS, wanda George Woltman ya kafa tun 1996 don farautar irin waɗannan lambobi. Kafin ita wadda ke riƙe da kambun firam mafi girma da aka sani ita ce 2^82,589,933 − 1 ta Disambar 2018, mai alƙaluma 24,862,048.

Alhaji na Kwari: To madalla. Sai kuma me? An gano ta, farashin shinkafa ya sauka?

Ummu Hanif: Hhhh Alhaji an fara. Ka bari a ba mutum amsarsa tukun mana.

Malam Lissafi: Alhaji ka ɗan jira ni, zan zo kanka. Baban Sadiq, ba wanda ya gwada raba ta da kowace lamba, ba zai ma yiwu ba. In za ka bi hanyar da muke koya wa yara a firamare, sai ka gwada duk firam har zuwa lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan, ita kuwa waccan ɗin kaɗai tana da alƙaluma sama da miliyan 20. Masana kimiyya na ƙiyasta yawan ƙwayoyin zarra na duk sararin samaniyar da ake iya gani da lamba mai alƙaluma 80 da ɗoriya kacal. Ka ga ko duk kwamfutocin duniya aka haɗa ba za su ko fara ba. Wata dabara daban ake bi, sunanta gwajin Lucas da Lehmer, kuma irin wannan gidan lambobin kaɗai take yi wa aiki, wato masu siffar 2^p − 1, su ake ce wa lambobin Mersenne.

Baban Sadiq: Malam a yi min dalla-dalla dan Allah, ni rabona da lissafi tun jarabawar fita sakandare

Malam Lissafi: Toh ɗauko biro. Mu gwada da 31, wato 2^5 − 1. Ka fara da 4. Kowane taku ka ninka abin da ke hannunka da kansa, ka cire 2, ka raba da 31, ka jefar da amsar ka riƙe ragowar kawai. 4 sau 4 16, cire 2 saura 14. 14 sau 14 196, cire 2 saura 194, raba da 31 ragowar 8. 8 sau 8 64, cire 2 saura 62, raba da 31 ragowar 0. Taku uku ke nan, domin ƙa'idar ita ce ka cire 2 daga p, a nan p 5 ce. In a taku na ƙarshe ka sauka kan 0 lambar firam ce, in ba ka sauka kan 0 ba to tana rabuwa, ba wani kila-wa-kala. Abin da aka yi wa babbar lambar ke nan, sai dai taku 136,279,839 ne, kuma a kowane taku ana ninka lamba mai alƙaluma har miliyan 41 da kanta.

Ɗalibar Lissafi: Malam na gwada da 2047 wato 2^11 − 1, taku tara ya ba ni 14, 194, 788, 701, 119, 1877, 240, 282, 1736. Bai sauka kan sifili ba. Kuskure na yi ko?

Malam Lissafi: Daidai kika yi, Allah ya yi albarka. 2047 ai 23 sau 89 ce. Kuma ki lura da wani abu, gwajin ya gaya miki tana rabuwa amma bai gaya miki da me take rabuwa ba. Akwai lambobin Mersenne masu tarin yawa da aka tabbatar suna rabuwa amma har yau ba a san ko guda ɗaya daga cikin masu raba su ba.

Baban Sadiq: Ikon Allah. Wato a san ana raba ta amma ba a san mai rabawar ba. To amma Malam me ya sa za a yarda da wannan 4 da cire 2 ɗin, wa ya ce dole ya yi aiki kullum?

Malam Lissafi: Hujja ce aka kafa ta lissafi, ba wai an gwada sau dubu an ga yana yi ba ne. Édouard Lucas ɗan Faransa shi ya assasa ta, a 1876 ma da hannu ya tabbatar 2^127 − 1 firam ce, alƙaluma 39, ba kwamfuta ba kalkuleta, sannan Derrick Lehmer a Amurka ya gyara ta ta zama yadda muke amfani da ita wajen 1930. Hujjar ba ta wuce shafi biyu ba amma tana buƙatar abubuwan da sai a jami'a ake karantawa, in na fara zuba ta a nan Alhaji zai fice daga zauren.

Alhaji na Kwari: Ina nan daram Malam, jiran amsata nake. Na ji ance mutumin kusan dala miliyan 2 ya kashe daga aljihunsa, ladan da aka ba shi kuma dala 3,000. Wlh in yaron shagona ya kawo min irin wannan cinikin ranar zai koma ƙauyensu.

Sarkin Yaƙin Zaure: Alhaji ai ba ka gane ba ne, da irin waɗannan lambobin ake kulle kuɗinka a banki. Duk taransifa da kake yi a waya firam ce ke gadinta, in babu manya irin wannan da tuni ’yan damfara sun kwashe komai. Duk wanda ya riƙe lamba mafi girma shi ke riƙe da tsaron duniya, shi ya sa Turawa ke zuba kuɗi.

Injiniya: Sarkin Yaƙi tsaya, rabin maganarka gaskiya ne rabi kuma ba haka ba ne, kuma wannan rabin na biyu ana yawan yaɗa shi. E, tsarin RSA da ake ɓoye bayanai da shi da firam yake aiki, ana ɗauko guda biyu a ninka su, a bayyana amsar a ɓoye su biyun, tsaron kuma shi ne wahalar komawa baya a gano su. Amma girman kowace ɗaya a makullin da aka fi amfani da shi bai wuce alƙaluma 300 da ’yan kai ba, kwamfuta cikin ɗan lokaci kaɗan take zaƙulo irinsu kuma suna da yawan da ba za su ƙare ba. Ita wannan ta Durant ba ta da amfani a nan ko kaɗan, na farko ta yi girman da wayarka za ta sandare kafin ta gama lissafi ɗaya da ita, na biyu kuma wanda ya fi muhimmanci, sirri ake nema, ita kuwa duk duniya an san ta. Lambobin Mersenne firam 52 ne kacal aka sani, ɓarawo sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya gama kafin shayinsa ya huce.

Sarkin Yaƙin Zaure: To ai dai firam ce firam ce. Ba ka ƙaryata ni ba.

Injiniya: Na ƙaryata cewa mai babbar lamba shi ke riƙe da tsaro. In amfani na zahiri kake nema ga shi amma ga ƙannenta ne: 2^31 − 1 wato 2,147,483,647, wadda Euler ya tabbatar a 1772, ita ce iyakar abin da tsofaffin manhajoji masu bit 32 ke iya ƙirgawa, shi ya sa ake maganar matsalar 19 ga Janairun 2038, ranar da agogon irin waɗannan na'urori zai cika ya juye. Akwai Mersenne Twister da wasu Japanawa biyu, Matsumoto da Nishimura, suka fitar a 1997, yana samar da lambobin kan-mai-uwa-da-wabi a yaren rubuta manhaja na Python da sauransu, an gina shi a kan 2^19937 − 1. Sannan manhajar farautar kanta, Prime95, tana gasa wa kwamfuta aya a hannu sosai har masu haɗa kwamfuta suka mayar da ita abin gwajin lafiyar inji, a farkon 2016 ita ta tona wani aibi a cikin furosesan Skylake na Intel.

Alhaji na Kwari: Yawwa Injiniya ka taimake ni. Ƙananan suna da amfani, babbar ba ta da shi. Maganata ta fito.

Malam Lissafi: Alhaji ba zan yi maka ƙarya ba, yau ɗin nan ba abin da za ka saya da ita. Amma lokacin da Euler ya zauna kan 2,147,483,647 ita ce babbar da ba ta da amfani, ba wanda ya san wani abu wai shi kwamfuta. Ni ban ce wannan ma dole wata rana ta yi amfani ba, ƙila har a tashi duniya ba za ta yi ba. Shi dai Durant abin da ya nuna shi ne katunan GPU, wato na'urorin sarrafa hoto na cikin kwamfuta, waɗanda yanzu kowa ke rububinsu saboda ƙirƙirarriyar basira, suna iya wannan aikin, ya yi hayarsu a cibiyoyin ajiyar bayanai a ƙasashe 17, wata na'ura a Dublin ta ƙasar Ayalan ta fara cewa da alama firam ce ranar 11 ga Oktoba, washegari wata a San Antonio ta jihar Texas ta tabbatar da gwajin Lucas da Lehmer. Kafin shi shekara 28 kwamfutocin gida da na ofis ne ke gano su.

Ummu Hanif: Ni fa tambayata daban ce. An ce ba a iya ko karanta ta, to an san da wane alƙalami ta ƙare? Ko sai an buɗe fayil ɗin an gangara ƙasa?

Ɗalibar Lissafi: Anti wannan ko ni zan iya. Ki duba ƙarshen 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256, alƙalamin ƙarshe zagaye yake yi 2, 4, 8, 6, ya sake dawowa 2, 4, 8, 6. In kika raba 136,279,841 da 4 ragowar 1 ce, kenan ta faɗa kan na farko a zagayen wato 2, a cire 1, ta ƙare da 1. Malam haka ne?

Malam Lissafi: Haka ne. In kin faɗaɗa dabarar, alƙaluma ukun ƙarshe zagayensu 100 ne, sai ki duba 2^41 kawai, wato 2,199,023,255,552, ki cire 1, lambar ta ƙare da 551. Farkonta ma ana samu da logaridim, ki ninka 136,279,841 da 0.30102999566 za ki samu 41,024,319.945, ɓangaren gaban ɗigon ki ƙara masa 1 ya ba ki yawan alƙaluma, na bayan ɗigon kuma shi ke nuna ta fara da 881. Hajiya Ummu Hanif karanta ta kam ana iyawa in akwai haƙuri, alƙalami ɗaya duk daƙiƙa ba barci ba cin abinci, kwana 474 da awa 19 da ɗoriya.

Ummu Hanif: A'a na yafe, 881 da 551 sun ishe ni

Injiniya: Abin da ya fi burge ni shi ne a harshen kwamfuta, na 0 da 1, ba lambar da ta kai ta sauƙin rubutu, 1 ce zalla guda 136,279,841 a jere ba sifili ko ɗaya. Kuma sirrin da ya sa kusan kullum ’yan gidan Mersenne ke cin gasar ke nan. Ku gwada neman ragowar 1234 in an raba da 99, ba sai kun yi dogon rabawa ba, ku yanka ta biyu 12 da 34 ku haɗa, 46, ita ce ragowar. To yadda 99 take a wurinmu haka 2^p − 1 take a wurin kwamfuta, yanka da haɗawa kawai, rabawar da ta fi komai cin lokaci ta zama kyauta. Tabbas akwai firam birjik tsakanin ta 2018 da wannan waɗanda ba na Mersenne ba, ba mu da hanyar kama su da arha ne kawai.

Baban Sadiq: Wato ba ita ce ta ƙarshe ba kenan, akwai wadda ta fi ta?

Malam Lissafi: Akwai, wannan tun zamanin Iƙlidis masanin lissafin Girka, sama da shekara 2,000, aka gama shi. Ka ce firam sun ƙare ga jerinsu, sai in ninka su duka in ƙara 1, abin da ya fito ba ɗaya a jerinka da zai raba shi domin kullum ragowar 1 ce, kenan akwai wata firam da ba ta jerinka. Amma a kula, ba a ce abin da ya fito ɗin shi kansa dole firam ne ba, ɗalibai na yawan zamewa a nan, 2×3×5×7×11×13 a ƙara 1 ya ba da 30,031 kuma ita 59 sau 509 ce. Abin da ba a sani ba har yau shi ne ko su na gidan Mersenne ɗin ma ba su da iyaka. Kowa na zaton haka, ba wanda ya kawo hujja.

Sarkin Yaƙin Zaure: Ai da sauƙi, ka ɗauki wannan sabuwar ka ɗora ta a saman 2 ka cire 1, ka samu wadda ta fi ta. A turo min dala dubu ukuna.

Ɗalibar Lissafi: Yaya Sarkin Yaƙi ai 11 ma firam ce amma 2047 ta rabu

Sarkin Yaƙin Zaure: 11 ba ’yar gidan ba ce. Ni ’yar gida na ce a ɗora, 3 ta ba da 7, 7 ta ba da 127, ba ki gani ba?

Malam Lissafi: Wasu sun riga ka wannan tunanin, yana tafiya a 3, 7, 31, 127, da aka zo 8191 wato 2^13 − 1 aka ɗora ta sai ya rushe, abin da ya fito yana rabuwa. Sharaɗin gefe ɗaya ne: in ta saman ba firam ba ce to magana ta ƙare, kamar 2^9 − 1 da ta ba da 511 wato 7 sau 73, in kuma firam ce an ba ka izinin gwadawa ne kawai. Shi kansa Marin Mersenne, malamin cocin nan na Faransa da aka sa wa lambobin sunansa, a jerin da ya fitar a 1644 ya sa 67 da 257 waɗanda ba sa yi, ya tsallake 61 da 89 da 107 waɗanda suke yi. Ta 67 ɗin sai a 1903 Frank Nelson Cole ya fito da masu raba ta a wani taro a New York, 193,707,721 sau 761,838,257,287, ana ba da labarin cewa bai ce uffan ba, allo kawai ya hau ya yi lissafin gefe biyu suka yi daidai ya koma ya zauna.

Malam Na Tsangaya: Assalamu alaikum, ina ta bibiya shiru. Malam Lissafi wannan ba shi da alaƙa da abin da malaman hisabi ke kira adadi tammi, irin 6 da 28? Na taɓa jin ana haɗa su.

Malam Lissafi: Allah gafarta Malam ai ka taɓo inda ya fi daɗi. Adadi tammi shi ne wanda in ka tara masu raba shi, ban da shi kansa, za su ba ka shi: 6 masu raba ta 1, 2, 3, in ka tara su 6. 28 kuma 1, 2, 4, 7, 14, jimla 28. Sai 496, sai 8128. Iƙlidis ya nuna duk firam ta Mersenne tana haifar da guda ɗaya, ka ninka ta da rabin lambar da ke gaba da ita: 3 sau 2, 7 sau 4, 31 sau 16, 127 sau 64. Ibnul Haisam ya yi aiki a kan juyin maganar, Euler ya zo ya kammala hujjar cewa duk adadi tammi da yake shafa'i ta wannan hanyar kaɗai yake zuwa. Kenan ranar da Durant ya samu tasa, a ranar aka samu adadi tammi na 52, mai alƙaluma 82,048,640, ba tare da an ƙara ko sisi ba. Wutiri kuwa, har yau ba a ga ko ɗaya ba kuma ba a tabbatar babu ba, tana cikin tsofaffin tambayoyin lissafi da suka gagara.

Malam Na Tsangaya: Masha Allah. Shehu Muhammadu al-Katsinawi da ya rasu a Alƙahira a 1741 bai taɓo wannan ba?

Malam Lissafi: Shi abin da aka san shi da shi littafinsa ne na 1732 kan hanyoyin cika hatimi mai gidaje wutiri, yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Fage ne daban, ya cancanci a buɗe masa nasa zaren.

Alhaji na Kwari: Ku dawo kan kuɗi dan Allah. Babu wata kyauta mai tsoka ne a harkar, sai dubu uku?

Injiniya: Yanzu ka zo Alhaji hhh. Ƙungiyar EFF ta Amurka, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta ajiye dala 150,000 ga firam ta farko mai alƙaluma miliyan 100, da 250,000 ga mai biliyan 1. Ta miliyan 10, dala 100,000, an riga an cinye ta da 2^43,112,609 − 1 da aka gano a kwamfutar jami'ar UCLA a 2008. Manhajar kyauta ce, kowa na iya saukewa a ba shi lambarsa ya gwada, kafin ma a ba ka sai an tace ta, domin duk mai raba 2^p − 1 dole ya zama ninkin 2p an ƙara 1, dubi 23 da 89 na ɗazu, 22 da 1, 88 da 1, da wannan ake zubar da da yawa tun kafin a shiga dogon gwajin.

Alhaji na Kwari: Akwai wata laftof a shago ba abin da ake da ita sai rubuta rasit

Injiniya: Alhaji lamba ɗaya a girman da ake gwadawa yanzu sai ta ci makonni a kwamfutar gida tana aiki dare da rana, mai alƙaluma miliyan 100 kuwa watanni, ga zafin shago ga wutar nan tamu, kuɗin man janareto kaɗai zai sa ka tsine min. Kuma mafi yawan masu yi shekara da shekaru suke ba su samu komai ba. In dai za ka sa hannu don sha'awa bismillah, tana ajiye inda ta tsaya ko an ɗauke wuta.

Baban Sadiq: Malam ni da Sadiq mun zauna kan 127 da biro, mun samu 14, 67, 42, 111, sai 0 a taku na biyar. Yanzu wai shi 8191 zai yi, na ce taku goma sha ɗaya ne fa, ya ce in ara masa kalkuletar waya.

Malam Lissafi: Ku ba shi. In ya ga 3953 a taku na huɗu to yana kan hanya, ya turo sauran mu duba.